Malamin da Ba Ya Ji: Sharhi kan Labarin Mutum-mutumi Mai Koyar da Harshe

Akwai wani labari da kafafen yaɗa labarai ba sa gajiya da shi, kusan kowace shekara sai ya dawo da sabuwar riga. Za a nuno aji mai tsafta a wata ƙasa mai arziki. A gaban ajin ga ɗan farin mutum-mutumi, wanda wasu ke kira saƙago, idanunsa na haske, yana ɗaga hannu. Ya faɗi kalmar Turanci, yara su maimaita, ya tafa musu, su fashe da dariya. Mai rahoto ya rufe da cewa ga malamin gobe ya iso. Duka-duka minti biyu. Irin wannan bidiyo ya sha zagaya wayoyin mutanenmu, daga nan Abu Hujar har Mai Wurno da ƙauyukan Jazira, kuma masu sauraron shirina na rediyo sun sha turo mini shi da tambaya guda: tunda malaman Turanci sun yi mana ƙaranci, me zai hana a kawo mana wannan?

Tambayar tana da nauyi, domin masu yin ta iyaye ne da suka ga 'ya'yansu sun yi shekara da shekaru a gida. Don haka zan yi wa labarin irin sharhin da muke yi wa littafi: me ya faɗa, me ya bari, kuma ya dace da mu ko bai dace ba. A makarantar koyon aikin jarida an koya mana cewa rahoto ba ya cika sai an nemo abin da aka yanke daga cikinsa. Da na bi sawun abin da aka yanke daga wannan, ga inda na tsaya: mutum-mutumin ya iya magana, amma bai iya sauraro ba, ƙaramin yaro kuwa daga mai sauraronsa yake ɗaukar harshe.

Bari mu fara da Japan, inda aka yi ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko. A shekarar 2004 Takayuki Kanda da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon ajiye wani mutum-mutumi mai suna Robovie a wata makarantar firamare, yana yi wa yara Turanci na tsawon makonni biyu. A kwanakin farko yara sun yi masa caa kamar an saki alewa. Kafin mako na biyu ya ƙare, mafi yawansu sun watse sun koma wasanninsu. 'Yan kaɗan da suka ci gaba da zuwa wurinsa su ne aka ga sun ɗan ƙaru. Masu binciken ba su ɓoye wannan ba, sun rubuta shi ɓaro-ɓaro. Sai dai mai ɗaukar hoton talabijin ranar farko yake zuwa, ba ya dawowa ranar goma sha huɗu. Wannan shi ne aibin farko na labarin: hoton ɗoki ake nuna mana, a ce mana hoton karatu ne.

Daga nan sai Koriya ta Kudu. A ƙarshen shekarar 2010 aka kai mutum-mutumi 29 masu suna Engkey makarantun firamare na birnin Daegu. Siffarsu kamar ƙwai, suna tafiya a kan taya, da fuskar baturiya a allon da ke kansu. Duniya ta ɗauka cewa inji ya fara koyar da Turanci. To amma wa ke magana a ciki? Malamai ne 'yan Adam, suna zaune a ƙasar Filifin, suna kallon yaran ta kyamara, suna amsa musu, injin yana kwaikwayon motsin fuskarsu. Ashe abin da aka yi shi ne ɗauko malami mai arha daga nesa, aka sa masa fuskar da ba tasa ba. A ganina wannan ya fi kowane bincike fallasa maganar: da aka zo wurin da ake buƙatar a ji yaro a ba shi amsa, mutum aka nemo aka ɓoye a bayan ƙarfe.

Gwaji mafi girma da tsari shi ne na Turai, wanda ake kira L2TOR. Tarayyar Turai ce ta ɗauki nauyinsa daga 2016 zuwa 2018, jami'o'in Ingila da Holan da Jamus da Turkiyya suka haɗa hannu, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Tony Belpaeme. Sun yi amfani da NAO, wannan ɗan farin da muke gani a bidiyo, ƙirar kamfanin Aldebaran na Faransa, tsayinsa santimita 58. A babban gwajinsu, wanda Paul Vogt da abokansa suka wallafa a 2019, yara 194 'yan shekara biyar zuwa shida a Holan suka shiga. An shirya darussa bakwai don koyar da kalmomin Turanci 34, na lissafi da na wuri da motsi. An raba yaran gida huɗu. Wasu suna koyo da mutum-mutumi mai kwatanta kalma da hannu tare da kwamfutar hannu, wasu da mutum-mutumin da ba ya kwatantawa, wasu da kwamfutar hannu kaɗai, rukuni na huɗu kuwa rawa kawai suka taka da shi ba darasi.

Sakamakon fa? Yaran da aka yi wa darasi sun fi 'yan rawa sanin kalmomin, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma tsakanin masu mutum-mutumi da masu kwamfutar hannu kaɗai ba a sami wani bambancin a zo a gani ba. Mai karatu ya tsaya ya auna wannan. Shekara uku, manyan jami'o'i, kuɗin Tarayyar Turai, yara ƙoshassu a ajin da ke da wuta da intanet, sannan na'urar dubban daloli ta kasa wuce allon da ake saye a kasuwa. Ina jinjina wa masu binciken, domin sun faɗi tun kafin su fara abin da za su auna, kuma da sakamakon ya fito ba yadda suka so ba, sun wallafa shi haka nan. Laifin na masu ba da labari ne, mu 'yan jarida, da muka riƙe hoton muka saki sakamakon.

Akwai wani abu a cikin wannan gwaji da ya fi ɗaukar hankalina a matsayina na mai aiki da murya. Me ya sa aka haɗa mutum-mutumin da kwamfutar hannu tun farko? Saboda na'urar gane magana ta lokacin ba ta iya fahimtar muryar ƙananan yara yadda za a dogara da ita. Muryar yaro siririya ce, yana haɗiye haruffa, yana tsayawa a tsakiyar kalma, yana raɗa idan kunya ta kama shi. Don haka sai yaron ya riƙa amsawa ta hanyar taɓa allo, idan kuma an ce ya maimaita kalma, wani babba da ke zaune a gefe ne ke danna maɓalli don darasi ya ci gaba. Malami ke nan da ke cewa "madalla" alhali bai ji abin da aka faɗa ba. Mu a rediyo mun san wannan yanayi sarai. Idan layi ya yanke ina tsakiyar hira, zan iya ci gaba da cewa "haka ne, haka ne", amma ni da mai sauraro duk mun san hirar ta mutu.

Me ya sa sauraro ya zama ginshiƙi haka? A shekarar 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington da ke Amurka ta yi wani gwaji da jarirai 'yan wata tara, 'ya'yan masu jin Turanci. Wasu an kai su sau goma sha biyu wurin mutanen da ke yi musu wasa da karatu cikin harshen Sinanci. Wasu kuma aka nuna musu mutanen nan dai a talabijin, wasu aka kunna musu muryar kawai. Waɗanda suka zauna da mutum ido da ido sun koyi bambance sautukan Sinanci. Na talabijin da na murya ba su nuna alamar sun ɗauki komai ba. Kalmomin iri ɗaya ne, masu maganar su ne dai. Abin da ya bambanta shi ne akwai wanda ke kallon inda jariri ya kalla, yana jira, yana sauya murya idan ya ga hankalinsa ya tafi. Masu ƙera mutum-mutumi sun san wannan bincike, shi ne ma hujjarsu: sun ce a ba allo jiki da idanu, sai ya zama kamar mutum. Gwajin Holan ya nuna cewa jiki da idanu kaɗai ba su wadatar ba.

Yanzu bari mu dawo gida, domin mu Hausawan Sudan ba sai an je Amurka an gwada mana wannan ba, a kansa muka tashi. Kakanninmu sun zo ƙasar nan ta hanyar hajji, wasu kuma cikin hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'a zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka ja ƙarin mutane. Waɗannan bayin Allah ba su zo da Larabcin kasuwa ba, ba kuma wanda ya buɗe musu aji. A gona suka koye shi, da wurin awo, da bakin kogi wajen cinikin kifi, da jana'iza da ɗaurin aure. Har yau haka abin yake. Yaro a ƙauyukanmu yana tashi da Hausa a bakin uwarsa. Ranar da aka fara aikensa kanti, ko ya shiga ƙwallo da 'ya'yan maƙwabta, Larabci ya fara shigarsa. Idan ya faɗi ba daidai ba, mai kanti zai miƙo masa abin da ba shi aka aike shi ba, ya koma gida a yi masa faɗa, gobe ya gyara. Kuskurensa yana da sakamako, daidansa ma yana da sakamako. Abin da babu ke nan a wurin na'urar da ke tafi ko an yi daidai ko ba a yi ba.

Ko khalwa, wadda wasu ke yi wa kallon haddar aku, ta fi mutum-mutumin nan fahimtar al'amarin. Almajiri yana biya allonsa, malam yana can yana magana da baƙo, amma da yaro ya karkace harafi ɗaya za ka ji gyara ya fito daga bakinsa. Duk tsarin a kan kunnen malam aka gina shi, ba a wanke allo sai ya ji ya gamsu.

Sai kuma mu duba nauyin da ke kan yaronmu, wanda bidiyon bai san da shi ba. Yaron Holan da aka yi gwaji da shi yana da harshe ɗaya a gida da makaranta, kuma harshen nasa ɗan uwan Turanci ne na kusa. Namu yana da Hausa a gida, Larabcin Sudan a titi, Larabcin littafi a aji, sannan littattafan SMILE da suka gaji SPINE su kawo masa Turanci tun yana firamare. Harshe na huɗu ke nan kafin ya cika shekara goma. Ɗauki sautin "p" kaɗai. Larabci ba shi da shi, don haka Balarabe ke mayar da shi "b". Bahaushe kuma yakan karkata shi zuwa "f". Yaronmu yana tsakiya, yau ya ja nan gobe ya ja can. Ustazun da ya tashi a cikinmu, da jin kuskuren ya san daga wane harshe ya fito, ya san kuma maganinsa. Ya san yarinyar da ta sunkuyar da kai ta yi shiru ba rashin sani ke damunta ba, tarbiyya ce ta hana ta ɗaga murya gaban babba. Na'urar da aka horar da muryoyin wasu ƙasashe ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Adalci ya sa in faɗi abin da masu goyon bayan na'urar ke da shi, kuma ba ƙarami ba ne. Mutum-mutumi ba ya gajiya, ba ya duka, ba ya yi wa yaro dariya idan ya yi kuskure. A Tehran ta ƙasar Iran, Minoo Alemi da Ali Meghdari sun sa NAO a ajin Turanci na 'yan mata, suka ga fargabar magana ta ragu, sha'awar darasi ta ƙaru. Sai dai a lura, malamar tana cikin ajin, ita ke jan darasi, na'urar mataimakiya ce. Haka nan gaskiya ne cewa ƙirƙirarriyar basira ta yi nisa tun bayan 2019, manhajojin yau suna hira da babban mutum har ya manta da inji yake magana. Mai yiwuwa wata rana su iya jin yara sosai. Amma mai cewa a saya yau, shi ke da nauyin kawo shaida ta yau, daga yara irin namu, a harsuna irin namu, bayan wata shida da fara aiki. Bidiyon ranar buɗewa ba shaida ba ne.

Ko da ta iya ji, sauran tambayar ina kunnen nata yake. Irin waɗannan na'urori, yawancinsu ƙwaƙwalwarsu ba a jikinsu take ba, tana can a rumbun kamfani, intanet ke haɗa su. A Amurka an sayar da wani mutum-mutumin yara mai suna Moxie a kan dala 799, aka ce abokin hira ne. A watan Disamba na 2024 kamfanin Embodied da ya ƙera shi ya sanar da rufewa saboda rashin kuɗi, aka wayi gari iyaye suna neman yadda za su gaya wa 'ya'yansu cewa abokin nasu zai daina magana. A Amurka ke nan. Mu kuwa mun ga watan Fabrairun 2024, lokacin da layukan waya da intanet suka ɗauke a kusan duk faɗin Sudan. Mun ga ƙarshen watan Yunin shekarar, da yaƙi ya ci Sinja, babban birnin jiharmu, jama'a suka watse, har sai watan Nuwamba sojoji suka karɓe ta. Tun a watan Oktoban 2023 hukumar UNICEF da ƙungiyar Save the Children suka ce yara miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan. Makarantu da yawa sun zama masaukin 'yan gudun hijira, malamai sun yi watanni ba albashi. Kayan aro ba ya rufe katara, balle kayan da igiyarsa ke hannun wani kamfani a wata nahiya.

Kada a ɗauka ina gaba da na'ura ne. A Sudan ɗin nan aka haifi shirin da daga baya aka sa wa suna Can't Wait to Learn, haɗin gwiwar ƙungiyar War Child ta Holan da Jami'ar Ahfad ta mata da ma'aikatar ilimi da UNICEF. An kai kwamfutocin hannu masu caji da hasken rana ƙauyukan da ba su da makaranta, aka fara da lissafi cikin sigar wasa, aka zana duniyar wasan daga rayuwar yaran kansu, aka kuma ɗauki mutumin ƙauyen ya zauna da su. Abu mai arha, mai aiki ba tare da intanet ba, da babba a gefe. Sana'ata ma tana da nata tarihin. A shekarun 1980 an koyar da Turanci ta rediyo a makarantun karkarar Kenya, darasin rabin awa, mai gabatarwa ya yi tambaya ya yi shiru na 'yan daƙiƙoƙi yara su amsa da baki ɗaya. An yi irinsa a kudancin Sudan daga 2004. Wani zai ce mai rediyo dole ya yabi rediyo. To ga gaskiyar: rediyo ma kurma ne, ba ya jin kowa. Abin da ya sa ya yi amfani shi ne bai taɓa da'awar yana ji ba. An tsara darasin ne da sanin cewa akwai malami a ajin, rediyo ya kawo lafazi mai kyau, malami ya kawo kunne. Ko malamin da Turancinsa bai nuna ba yana ƙaruwa tare da yaran. Labarin mutum-mutumi kuwa ana sayar mana da shi ne a kan cewa za a iya yi ba malamin.

Akwai kuma tambayar da bidiyon ba zai taɓa yi ba, mu ya kamata mu yi wa kanmu: a gidajenmu, wane harshe ne ke zama baƙo? Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya wallafa littafi a 1999 kan Hausar Sudan da yadda take sajewa da Larabci. Wanda ya zauna a Madani ko Sinnar ko Damazin ya san gidajen da kaka ke magana da Hausa jika na amsawa da Larabci. Harshen da ke zamewa daga hannunmu ba ya buƙatar batir ko caji. Malamansa suna zaune a tsakar gida, ga tatsuniya, ga kacici-kacici, ga haƙurin sauraron shirmen yaro har ya zama magana. Masana ilimi sun daɗe suna nuna cewa yaron da ya kafu a harshen uwarsa ya fi saurin ɗaukar na biyu da na uku. Uwar da ke hira da ɗanta da Hausa tana share wa malamin Turanci hanya, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Ga dalilin da ya sa na ɗauki maganar da zafi. In Allah ya kawo ƙarshen wannan yaƙi, ƙungiyoyi za su zo da kuɗin gyaran makarantu, kuma mai ba da kuɗi yana son abin da zai yi kyau a hoto. Albashin malami ba ya kyau a hoto, horar da ustazu ɗari ba ya jan kyamara, ɗan farin mutum-mutumi a tsakiyar yara baƙaƙe masu murmushi kuwa yana ja. Ranar da aka zo mana da shi, ina roƙon iyaye da shugabannin unguwa da 'yan kwamitin makaranta su karɓi baƙi da mutunci, a ba su shayi, sannan a yi musu tambayoyi huɗu. A ina aka gwada shi da yara masu Hausa da Larabci, kuma me aka samu bayan ɗoki ya wuce? Yana aiki idan babu intanet? Wa zai gyara shi idan ya lalace, a Sinja ko a Faransa? Kuɗinsa zai biya malamai nawa na tsawon wata nawa? Idan amsoshin sun gamsar, bismillah, a sa shi a gefen malam ya taimaka. Idan ba su gamsar ba, a ce musu mun gode, a ba mu kuɗin mu dawo da malamanmu aji, mu sayi alli da rediyo da allon sola.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da yaranmu makaranta, ya ba su malamai masu jin su.